Ruwan da Kakana Ya Ce Sai Baɗi

Da hantsin ranar Asabar, ashirin da biyar ga Janairun 2020, ina da shekara goma sha uku, na ɗago kai daga wani ɗan kududdufi da nake laluben kifi a ciki, na ga babu hanyar da muka biyo. Ba nisa ta yi ba, babu ita ne gaba ɗaya. Inda ni da kakana muka tako a kan taɓo da yashi muna barin sawu, ruwa ne shimfiɗe yana ƙyalli, yana tahowa ba ƙara ba kumfa, kamar an buɗe famfo an manta. Can bakin gaɓa ina hango motarmu 'yar mitsitsiya, da hayaƙin gawayin da Abba ya hura, da jan mayafin Umma. Na taɓa hannun Kaka na nuna masa. Ya juya ya duba, ya cire hula ya sake dubawa, sai na ga bakinsa a buɗe. Wannan ya fi ruwan tsorata ni, domin tun da nake ban taɓa jin an ce ruwa ya ba mutumin nan mamaki ba.

Kakana, mahaifin Abba, Basarke ne daga wani ƙauye a bakin Kwara kusa da Yawuri. A cikin kwalekwale ya yi wayo, a ciki ya yi furfura. Bai yi boko ba, bai tara dukiya ba, gonarsa ma kogi ne yake ba shi aronta 'yan watanni sannan ya karɓe abarsa. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, ya san ruwa. Yakan dubi launinsa ya gaya maka an yi sama a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ya san inda dorina ke wuni da inda kada ke binne ƙwai, ya san lokacin da giwan ruwa ke hawowa, ya kuma ga ayu da idonsa sau uku, labarin da ba ya gajiya da maimaitawa. Yana saurayi aka yi madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsohon garinsu, da kwalekwalensa ya yi ta kwashe mutane da awaki zuwa tudu. Tun daga lokacin, in za a kafa rumbu ko a dasa albasa a fadama, sai an zo an tambaye shi. Abba kuwa makaranta ta ɗauke shi tun yana ƙarami, ya girma ko iyo bai iya ba, kuma Kaka bai taɓa barinsa ya manta ba. "Na haifi ɗan tudu," haka yake cewa a gaban kowa.

A 2016 muka bi Abba zuwa Dubai, inda yake aiki da wani kamfanin jigilar kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Muka zauna a Abu Hail, hawa na uku, a wani gini da ƙamshin kori, kayan yajin Indiyawa, da turaren wuta ba sa barin matattakalarsa. Ba tsakar gida, ba rijiya, ba kaji. Wurin ajiye motoci da ke ƙasan ginin shi ne filin wasanmu, nan muke zana 'yar gala-gala da allin da muka ɗauko daga makaranta, ni da 'yan matan Sudan da na Indiya, mai gadi yana korarmu muna dawowa. Ni ke shanya a baranda, inda da zafi kafin in rataye riga ta ƙarshe ta farko ta bushe, ni ke sauke shara, ni ke karɓo gurasa mai zafi a lungu. Amma babban aikina tafinta ne. Bakina ya riga na kowa kama Larabci, saboda haka duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, daga mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki har matar maƙwabci, ni ake kira. Ina ji da wannan aiki ba kaɗan ba. Taƙamata ita ce ba na rage ko kalma ɗaya, yadda aka faɗa haka nake juyawa, har Umma takan ce ba ɗiya ta haifa ba, rediyo ce.

A ƙarshen 2019 Abba ya kawo Kaka don a cire masa yanar ido. Aiki ya yi kyau, ido ya washe, amma sai ya rasa abin da zai kalla da shi. Gidanmu ya ce akurki ne, na'urar hawa bene kuma ya ce shi ba kayan da za a saka a akwati ba ne. Kamar yadda kakanni suke yi, amarya yake kirana, ni kuma in murguɗa baki in ce ba na auren mai ƙarnin kifi. Da Abba ya ga tsohon ya fara zama shiru, sai ya ce mu riƙa kai shi bakin Hor. Hor shi ne ruwan da ya tsaga tsohon garin Dubai biyu, Deira a wannan gefe, Bur Dubai a wancan. Ba kogi ba ne, teku ce ta miƙo hannu cikin ƙasa, ta yi ta lanƙwasa har ta je ta baje a wata fadama. A makaranta an koya mana cewa a bakinsa garin ya fara, da masunta da masu nutso neman lu'ulu'u, kuma kafin a yashe shi manyan jiragen katako sai sun jira ruwa ya cika sannan su shigo. Na haddace wannan, na rubuta a jarrabawa, na ci.

Ranar da muka sa Kaka a abra, ƙaramin jirgin katakon da ke ƙetarar da mutane, sai ya koma wani mutum. Ya gyara zama ba tare da ya dafa komai ba, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce an ɓata ruwa da gishiri. Ya yaba wa matuƙin, sai dai ya ce da sanda ce a hannunsa ba inji ba, da an ga iyakarsa. Ya tambayi ina tushen kogin. Abba ya ce ba shi da tushe, daga teku yake. Kaka ya yi dariya har da tari, ya ce yau ga ɗan tudu yana koya masa ruwa. Sannan ya nuna mini wani koren zane a jikin bangon gaɓar, sama da inda ruwan ya tsaya, ya ce in duba, nan cikar bara ta kai. Ya bayyana mini cewa Kwara sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na damina, akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake isowa da sanyi daga can yamma ba tare da an ga ko ɗigon sama ba. In sun janye, sun janye ke nan, sai a bi bayansu da iri. Na gyaɗa kai ina jin daɗi. Zanen wata da kibiyoyin da ke littafinmu na kimiyya, wanda ya yi bayanin hawa da saukar teku, ko kusa bai zo mini a rai ba. A wurina wancan karatu ne, wannan kuma Kaka ne.

Mun kai shi har ƙarshen Hor ɗin, Ras al Hor, inda ake leƙen tsuntsaye daga wata rumfa. Ya daɗe yana kallon waɗannan dogayen tsuntsaye masu ruwan hoda, kowanne tsaye da ƙafa ɗaya, kai a cikin ruwa, ga manyan benaye a bayansu. Ya ce balbela ce ta sha lalle. Zalɓe kuwa da ya gani a gefe, sai da ya gaishe shi, ya ce wannan ɗan gida ne. Da na gaya masa an ce a tekun nan akwai wata dabba 'yar'uwar ayu, mai kiwon ciyawa a ƙarƙashin ruwa, ya yi kwana biyu yana tambayata ko na tabbata.

Sai kuma aka yi ruwan nan na farkon Janairu. Kwana kusan uku sama tana zuba, a watan da a gida ko gajimare ba a gani. Garin da ba a gina shi da tunanin damina ba ya rikice. Titinmu ya zama tafki, motoci suka mutu a tsakiyar hanya, ruwa ya biyo ta rufin shaguna, ba mu je makaranta ba. Kowa ya tsaya a taga yana ɗaukar hoto, Kaka kuwa ya naɗe wando ya sauka. Ya duba ta inda ruwan ke gangarowa, ya kafa tsinken tsintsiya a bakinsa, ya dawo bayan ɗan lokaci ya auna da yatsa. Sai ya ce in hau in ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa, a fitar da motocin da ke ƙasan gini kafin la'asar. Na bi gida gida ina faɗa da Larabci da Turanci. Wasu suka ji, wasu suka yi dariya. Kafin magariba ruwa ya kai marfin ƙofar duk motar da aka bari. Da motocin zuƙe ruwa suka zo washegari, shi ya nuna musu magudanar da ta toshe, ta ƙarƙashin ruwan da ba wanda ke ganin komai. Daga ranar ya yi suna a gininmu. Wani Alhaji ɗan Kano da ke hawa na biyu, mai sayen kaya yana aikawa gida, ya laƙaba masa Sarkin Ruwan Abu Hail. Matan Indiya suka riƙa aiko masa da shayi mai madara. Na ga tsohon ya miƙe, kafaɗarsa ta buɗe, ni ma kaina ya kumbura kamar ni na yi.

Mako biyu bayan haka Abba ya ce a fita shan iska. Muka tashi bayan asuba, muka yi arewa har gari ya ƙare, muka sauka daga kwalta zuwa wani ƙaramin hor da ba bango ba gada, sai itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye daga taɓo kamar tsinken tsire. Da muka isa babu ruwa. Ya tafi can nesa, ya bar fili baƙi mai laushi, iya ganinka, ƙananan ƙaguwa suna ta guje-guje a kai. Kaka ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya ce ambaliyar kwanakin baya ce ta janye, kuma mutanen ƙasar nan ba su san arziki ba, fadama irin wannan a bar ta ba ko kunya ɗaya ta albasa. Ya ce in zo ya koya mini yadda yaran Sarkawa ke kama kifin da ruwa ya bari a baya a cikin ramuka. Umma ta tambaya ko ruwan ba zai dawo ba. Ya dube ta da tausayi irin na malami ga ɗalibi.

"Ruwan da ya janye haka, 'yata, sai baɗi."

Wa zai ja da Sarkin Ruwan Abu Hail? Abba ya juya ga gawayinsa, mu kuma muka cire takalma muka shiga. Mun yi tafiya mai nisa, muka tsallake wani kwari marar zurfi da ruwansa bai wuce idon sawu ba, muka hau wani tudun yashi mai kududdufai. Ya nuna mini yadda ake dama ruwan da ƙafa har kifi ya ruɗe, da yadda ake tare shi da tafin hannu biyu. Na kama guda uku 'yan ƙanana na zuba a gwangwani, ina ta ihu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san rana ta ɗaga, sannan na ɗago kai na ga abin da na gani.

Kwarin nan da muka tsallake ya zama rafi, kuma ba gangarawa teku yake yi ba, daga teku yake shigowa. Kaka ya jefa ɗan ganye ya bi shi da ido, na ji yana cewa a hankali, "Ruwa yana hawa tudu." Ni kuwa na saki gwangwani na zabura zan ruga wajen Umma. Ya damƙe mini hannu da wani ƙarfi da ban san yana da shi ba. Ya ce in na shiga wannan kwarin taɓo zai riƙe ƙafata, ruwa ya kwantar da ni. Tudun da muke kai yana ta raguwa, sanyin ruwan ya kama gwiwata, sannan cinyata. Ya ɗaga ni ya ɗora a wuyansa, yarinya mai shekara goma sha uku, shi kuma ya haura saba'in, ya juya wa gaɓar baya. Na yi ta dukan kansa ina kuka ina cewa ba nan ba ne. Bai kula ni ba. Yana jan ƙafa a ƙasa yana laluben inda yashi ya yi tauri, yana bin launin ruwan, har ya kai mu wata itaciya da ke tsaye ita kaɗai. Ya cusa ni tsakanin rassanta, shi ya rungume gindin, ruwa a ƙirjinsa, haƙoransa suna haɗuwa. Daga can ina hango Abba ya shigo har ƙugu ya tsaya, yana ɗaga hannu, ga waya a kunne, ba yadda zai yi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Wani tsoho Balarabe ne ya cece mu. Ya je duba tarkon kifinsa, yana dawowa da cikar ruwa a ƙaramin jirginsa, sai ya hango rigata a kan itaciya. Ya jawo mu ciki, ya yafa wa Kaka wani buhu, sannan ya fara faɗa. Sa'an Kaka ne, fuska a ƙone, hannuwa duk kanta irin nasa. Yana tuƙi yana nuna teku, yana nuna sama, yana buga cinya. Kaka ya zuba masa ido har ya gama, sannan ya juyo gare ni.

"Amarya, me ya ce?"

Ni kuma, rediyo ba ta mutu ba, na juya masa duka. Na ce ya ce ruwan nan sau biyu yake tafiya yana dawowa kowace rana, wata ne ke jansa, kuma da tsayuwar wata, kamar yanzu, ya fi nisa, ya fi saurin dawowa. Kaka ya ce, "A rana?" Na ce a rana. A nan ya kamata in tsaya. Amma akwai saura, ni kuwa ba na rage kalma. Na ce ya ce kuma ko yaran da ba su iya tsarki ba sun san wannan, mutumin da bai san ruwa ba bai kamata ya jawo 'yar mutane cikinsa ba.

Kaka bai dubi Balaraben ba, ni ya duba. Ya daɗe yana dubana, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Ke ma kin sani?"

A lokacin ne zanen littafin nan ya faɗo mini, wata da kibiyoyinsa. Na ce an koya mana a aji biyar. Ya gyaɗa kai, ya sunkuyar.

Ba wanda ya yi masa faɗa. Abba ya rungume ni yana ta salati, Umma ta ba Kaka shayi da hannunta. Amma ba wanda ya ce masa ya kyauta, alhali da na ruga yadda na so, da ba ni nake wannan rubutu ba. Sanin ruwansa ne ya kai ni can, sanin ruwansa ne kuma ya dawo da ni, mu kuwa rabin farko kawai muka riƙe. Labari ya bazu a gini. Alhajin hawa na biyu ya kira shi da laƙabin nan a matattakala, cikin raha, Kaka ya ce masa don Allah ya bari. Bai sake neman a kai shi bakin Hor ba. In na tambaye shi labarin ayu sai ya ce ya manta. Ya ce a mayar da shi gida, ana cikin shiri sai annobar korona ta zo aka rufe filayen jirgi, ya yi watanni a ɗaki ɗaya da mu, yana jan carbi a gefen da ba taga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya koma tambayata komai, ko zai buɗe famfo sai ya ce, "Haka ake yi a nan?" Da aka buɗe hanya ya tafi. An ce da masu dasa albasa suka zo tambayarsa a shekarar, cewa ya yi su je su tambayi yara. Ya rasu a 2021, ban kai ga sake ganinsa ba.

Yanzu ina jami'a, kuma in an yi hutu nakan raka mutanenmu da ake kawowa asibiti a nan Dubai, in yi musu tafinta. Yawancinsu tsofaffi ne, kowanne a garinsu wani ne, a nan kuwa ko ƙofa sai an nuna masa yadda ake buɗewa. In likita ya gaji ya yi magana mai kaifi, nakan ba su abin da zai amfane su, sauran in haɗiye. Ba ƙarya nake yi ba. A da ina ganin gwanin tafinta shi ne wanda bai bar komai ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini akasin haka. Tsohon Balaraben nan tsoro ne ya sa shi faɗa, ya faɗi tasa da harshen da Kaka ba ya ji, da na bar ta, da ta bi iska ta wuce. Ni ce na ɗauko ta na kai masa har kunne.